Ganin gida da amalanke: zuwa layya a Bazaga

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya zauna bakin kwalta a ƙasar Bazaga kwana uku kafin babbar salla ya ga abin da za mu yi magana a kai. Motoci na tsayawa, mutane na sauka da buhu da akwati. Wani daga Yamai, wani daga Agadas, wani tun daga Abijan ko Legas. Yara na sheƙawa su tarbi kaya. Tsohuwa na tsaye bakin darni tana duban hanya, ko nata ɗan yana ciki.

Jihar Tawa ta yi suna wajen tafiya ci-rani. Da wuya ka sami gidan da ba shi da mutum a waje. Wani wata shida yake yi, wani shekara uku. Amma in layya ta matso, hankalin kowa gida yake komawa. Mai iya zuwa ya zo. Wanda bai iya ba ya aiko da kuɗin rago ta Nita ko Amana, ya kira da waya a gaisa.

Me ya kawo layya cikin damina?

Tsofaffi na cewa sun yi layya da sanyi, sun yi ta da kaka. Gaskiyarsu. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355. Shekarar bature kwana 365 ce. Don haka kowace shekara salla na matsowa gaba da kwana 10 ko 11. A 2016 an yi layya cikin watan Satumba, hatsi ya fid da kai. A 2019 an yi ta cikin Agusta. A 2022 cikin Yuli, ana tsakar noma. A 2025 kuwa farkon Yuni, wasu sun yi binne, wasu na jiran ruwan shibka. Lissafi ya kai ta ƙarshen Mayu a 2026, daga nan sai ta shige cikin bazara. Sai bayan shekara 33 take zagayowa inda ta tashi.

Wannan lissafi ya shafi rumbunmu. Layyar kaka tana tarar da rumbu cike, tumaki sun ƙoshi. Layyar bazara da ta farkon damina tana tarar da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, ciyawa ta ƙare, bisashe sun rame. Baƙi kuma ga su nan tafe, kowa da cikinsa. Shekarun da ke gabanmu duk haka za su zo. Gara a san da zancen tun yanzu.

Kwana uku a kan hanya

Ba kowa ke zuwa da mota ba. Akwai wani magidanci ɗan ƙasar Bazaga da ya koyi karatu da rubutu a makarantarmu ta yaƙi da jahilci. Daga baya ya koma wajen Malbaza da iyalinsa, yana aikin garkar albasa. A layyar 2025 ya zo gida da amalanken shanu. Ya rubuta tafiyar cikin littafinsa rana-rana, ya kawo mini na gani, ya kuma yarda a ba jama'a labari.

Su bakwai ne: shi, da matarsa, da ɗiyansu huɗu, da ƙanensa. Ga rago guda da matar ta yi wata biyar tana turkarsa da dussa da harawa. Da ya lissafa kuɗin motar mutum bakwai, zuwa da komawa, da na rago, da na kaya, sai ya ga kuɗin sun kusa sayen buhun hatsi. Ga shi mahaifinsa ya tsufa, gonarsa na bukatar shanun huɗa. Sai ya ce bari shanu su kai su, in sun je su yi aiki.

Ya kafa sanduna huɗu a kan amalanke, ya lanƙwasa ƙirare a bisa, ya rufa tabarma da tampol. Amalanke ya zama ɗaki mai tafiya. A ciki aka shimfiɗa katifa. Aka ɗaura jarka biyu ta ruwa a gefe, da tukunya, da murhun ƙarfe, da gidan sauro, da buhun albasa na tsaraba. Hatsin iri ya sa shi cikin jarka ya toshe, ya ajiye can ƙarƙashin kaya. Rago kuwa aka ɗaure shi a baya. In ya gaji a ɗora shi tare da yara.

Sun tashi ran Talata da asuba. Bijimi ba ya gaggawa, kuma ba ya son rana. Suna tafiya daga asuba zuwa hantsi, su sauka gindin itace, su kwance shanu su ba su ruwa. Uwargida ta dama hura. Da la'asar su sake ɗaurawa. Daren farko sun kwana kusa da Tsernawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanya. Nan ƙanwar uwarsa take aure. Ya rubuta cewa da ta gan su sai da ta yi kuka, don rabonta da shi tun auta na ciki. Ta ce masa: "Ɗan nan, ashe kana tuna kana da uwa a nan? Motoci na wucewa da kai ta ƙofata ba ka sauka." Ya ce: "Inna, ki yi haƙuri, direba ba ya tsayawa." Ta ce: "To, Allah ya yi wa shanun nan albarka, su sun tsaya."

Maganar tsohuwar nan abin dubawa ce. Mota ta rage mana nisa, amma ta sa muna tsallake dangi. Wanda ya shiga mota a Malbaza, sai Ƙonni. Gwaggo da kawu da ke ƙauyukan tsakani sai dai ya hangi rumbunansu ta taga.

Ran Laraba suka shiga Birnin Ƙonni, ranar kasuwa. Sun bi ta gefen filin noman rani, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango. A kasuwa ya sai wa yara takalma, matar ta sai lalle da kayan yaji da gishiri. Ya zaga kasuwar bisashe don kallo kawai: ga balami, ga uda mai rabi fari rabi baƙi, ga ara-ara. Dillalai suka taya ragonsa, ya ce ba na sayarwa ba ne. Suka kwana gidan surukansa. Da dare hadari ya taso da iska. Mata da yara suka shige ɗaki, shi da ƙanensa suka kwana ƙarƙashin tampol suna riƙe da shi kar iska ta yaye. Ran Alhamis da hantsi suka sauka ƙofar gidan mahaifinsa.

Wani ɗan makaranta da ke karatu a Yamai ya ga amalanken ya yi dariya, ya ce ai Turawa ma haka suke yi. Ba ƙarya ya yi ba. A Faransa da Amurka akwai ɗaki mai ƙafa wanda mota ke ja, da gado da murhu a ciki. In hutun Yuli da Agusta ya zo, sai magidanci ya kwashi iyali su bi hanya, suna sauka wurin dangi. Ma'aikatan Faransa sun sami hutu mai albashi tun 1936. Mutanen Amurka da yawa suna komawa garuruwansu ran 4 ga Yuli, ranar ƴancin ƙasarsu, a yi gashin nama da wasan wuta. Su hutu ke kai su. Mu kuwa lokacin nan ne aiki ya fi yawa, baƙonmu da ya sauka sai a miƙa masa hauya.

Kwanan hanya a da, da na yanzu

Kwana a hanya tsohon abu ne gare mu. Kakanninmu fatake sun kori jakai har Gwanja neman goro, madugu na gaba, ana sauka zango-zango. Makiyaya har yau suna hawa arewa da damina, wasu har Ingal wurin shan gishiri, su gangaro bayan an kwashe amfanin gona. Amma zamani ya canza abu biyu.

Na farko kwalta. Babbar hanyar Yamai zuwa Zinder ba ta barci. Manyan motocin kaya da na fasinja suna gudu dare da rana, gab da salla kuwa abin ya fi haka. Amalanke ba shi da fitila. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, ba zai ga baƙin bijimi cikin duhu ba sai ya zo kansa. Mai amalanke ya bi gefen hanya, ya sauka tun rana ba ta faɗi ba. In dole ta sa shi tafiyar asuba, ya rataya tocila a baya, ko ƙyalle mai ƙyalli. Kuma kar a bar wa yaro ƙarami igiya a kan kwalta. Muna ganin haka kullum, yaro ɗan shekara takwas shi kaɗai, har ya yi barci jaki na tafiya da shi.

Na biyu ɓarayin daji. Shekarun nan an sha satar shanu da ɗaukar mutane a bakin iyaka, ɓangarenmu da ɓangaren jihar Sakkwato. Shanun huɗa biyu dukiya ce babba. Mutumin namu bai kwana a daji ko sau ɗaya ba. Ya tsara tafiyarsa yadda kowane dare zai same shi cikin gari, gidan dangi. Wanda ba shi da kowa a gari ya yi sallama ƙofar mai gari. Ba a hana baƙo wurin kwana.

Akwai kuma masu ƙetara iyaka. Turawan Faransa da na Ingila ne suka ja ta a farkon ƙarni na 20, ta raba wa da ƙane. Daga Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya taku kaɗan ne, kuma gidaje da yawa a nan suna da ɗiya mata da ke aure can. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, layyar 2020 ta tarar da ita rufe. An sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Waɗanda suka bi ta ɓarauniyar hanya a lokutan nan sun san abin da suka biya. Mai niyyar ƙetarawa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, ya tambayi halin da hanya ke ciki kafin ya ɗauki mata da yara. Mai kai rago can ya fara tambayar ma'aikata, don a watan Mayu na 2025 gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje kafin layya, saboda kasuwannin gida su wadata.

Ranar salla

Tun jajibiri gari ya ɗauki harama. Mata na kitso da lalle har dare. Tela bai runtsa ba. Samari sun tafi neman itace da sandunan gashi. Da safe a yi wanka, a sa sabuwar riga ko wankakkiya, a nufi filin idi ana kabbara. Mai gari da dattawa na gaba. Bayan raka'a biyu da huɗuba, liman ya yanka ragonsa. Sai bayan ya yanka kowa ke komawa gida ya yanka nasa. Wanda ya riga liman, nama ya ci, bai yi layya ba.

Gashin layya irin namu, baƙo in ya gani sai ya tsaya kallo. A feɗe rago, a fid da kayan ciki, a buɗe shi a gicciya masa sanduna biyu. Maƙwabta su haɗa ragunansu wuri guda, a kafa su kewaye da wuta, kowane ya ɗan karkata. Wuta ba ta taɓa nama, zafinta ne ke aiki a hankali tun azahar har dare. Ana juyawa, ana shafa gishiri da yaji, kitse na ɗiga. Ran nan kayan ciki kawai ake ci, hanta da tumbi da hanji, mata sun soya. A bakin wutar nan ake jin labarin duniya. Na Abijan ya faɗi nasa, na Libiya ya faɗi nasa, wanda bai je ko'ina ba ya ƙaryata su duka. Taubasai na tsokanar juna. Kaka ta kama jikanta ɗan birni tana cewa: "Wannan miji nawa, ka zo hannu biyu? Ina zanen sallata?" Yaro ya ruga ya ɓuya bayan uwarsa, don bai san wasan ba.

Kashegari ake rabo. A yanka nama kashi-kashi, yara su ɗauka cikin kwano rufe, a kai gidan surukai, gidan liman, gidan maƙwabcin da bai yanka ba, gidan gwauruwa mai marayu. Abin da ya rage mata su soya shi ƙarau da kitsensa, a zuba cikin tukunya a rufe. In an soya da kyau yana wata da watanni ana jefawa cikin miya. Wasu gidaje na ajiye jelar rago sai watan cika-ciki. Yara kuwa suna yawon barka da salla gida-gida, ana ba su dala biyar, dala goma, ko alawa.

Magidancin namu ya rubuta gidajen da ya shiga gaisuwa cikin kwana uku, ya ƙirga 19. Gida guda ne ya yi masa nauyin shiga, na wansa, don sun yi shekara biyu ba sa magana a kan iyakar gona. Mahaifinsu ya kira su bayan an sauko idi. Ya ce: "Ku biyu za ku riƙe mini ragon nan in yanka. Hannuna ba ya da ƙarfi." Suka riƙe, ɗaya ƙafafu ɗaya kai. Da yamma aka gan su gefe guda bakin wuta. Maganar gona ba ta mutu ba, amma sun yarda a kai ta gaban mai gari da shaidu, a rubuta takarda kowa ya riƙe tasa.

Rago da iri

Yanzu ga inda nake son mu tsaya. Kowace shekara muna ganin magidanci ya ci bashi don ya yanka rago, wai kar ɗiyansa su ga na maƙwabta. Wani ya sai da hatsin iri. Wani ya karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa, da sharaɗin zai biya da hatsi da kaka.

Mu yi lissafi irin na makaranta. A ce ka karɓi jika 60. A ce da kaka tiyar hatsi ta faɗo dala 100, wato tiya biyu jika guda. Tiya 120 ke nan za ka auna ka ba shi. In bazara ta zagayo, a ce tiya ta kai dala 200, hatsin nan naka za ka koma saye hannunsa a jika 120. Ragon kwana biyu ya ci maka abincin watanni.

Ku tambayi malamai. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya yi bayanin layya. Sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali. Malaman Malikiyya sun ce mai hali shi ne wanda ba zai bukaci kuɗin dabbar ba don larurar gidansa cikin shekarar. Tunkiya ta isa, akuya ma ta isa, in sun cika shekara kuma ba su da aibi irin makanta, gurgunta, ciwo ko rama mai yawa. Dabba guda ta isar wa mutum da iyalin da yake ciyarwa. Ba a sai da naman layya, ba a sai da fatarta, ba a biyan mahauci da ita. Wanda bai da hali babu laifi a kansa, kuma nama zai iso gidansa.

Matar mutumin namu ta fi mu dabara. Ta sai ɗan rago tun da sanyi, lokacin yana da araha, ta turke shi. Ranar salla ba wanda ya bi su bashin ko dala. Mata masu asusu da masu bankin cimaka sun san wannan hanya.

Ga ƴan ci-rani kuma magana guda. Wani zai sauko da babbar waya da shadda mai maiƙo, ya raba kuɗi wa makaɗa, kwana huɗu ya koma. Ya bar tsoho da gona ba iri, ba taki, ba mai noma. Samari na kallonsa suna cewa su ma sai tafiya. Da ya rage shadda ɗaya ya sai buhun taki, da ya fi. Akwai kuwa waɗanda ba a jin su, sun zo da ɗan abin da suka samu, sun zuba hatsi a rumbun uwa, sun tsaya har maimai. Su ne ke riƙe da garuruwanmu.

Ɗiyan birni da ake kawowa hutu kuma a kula da su. Makarantu na rufewa daga Yuli sai Oktoba, iyaye na turo su wurin kakanni, daidai lokacin sauro. A zo musu da gidan sauro. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya na bi gida-gida wata-wata suna ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi. A sa baƙin yara cikin lissafi. In jikin yaro ya yi zafi a kai shi likita ran nan, kar a ce sai an ƙare rabon nama.

Itacen gashi ma abin lura ne. Wutar layya na cin itace mai yawa, shi ya sa haɗa raguna wuri guda ya fi kowa ya hura tasa. A nemi busasshe, a bar ɗanyen gawo da ke tsakar gona, shi ke ba ƙasa taki, ya ba bisashe abinci da rani. Ran 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, ana dashen itace tun 1975. Gidan da ya ƙone itace da layya ya karɓo dashe ran nan, ya kewaye shi da ƙaya don awaki.

Magidancin namu ya yi kwana 12 a gida. Ruwa ya sauka, ya buɗe jarkar iri, shi da wansa da ƙanensu suka shibke gonar tsoho da sungumi, shanu suka yi huɗar wake a gefen fadama. Ya bar ƙanen da manyan ɗiyansa biyu su tsaya noma har a buɗe makaranta. Ranar komawa amalanke ya fi zuwa nauyi: ga tukunyar soye, ga kaji biyu daga gwaggo, ga ƙullin kuka da daddawa. Ya ce zai sake kwana wajen Tsernawa, don innarsa ta ce in bai kawo mata nata naman da hannunsa ba, ba ta karɓa.